Wace ce waƙar ta gaskiya?

Akwai wasu mutane a Turai da Amurka waɗanda, in ka tarar da su bakin aikinsu, sai ka ce sun rasa abin yi ne. Mutum ne zaune da faifan garmaho biyu: sunan waƙa ɗaya, mawaƙi ɗaya, hoton bango ɗaya. Ga agogo a gefensa, ga gilashin ƙara girman rubutu a hannu. Ya saurari wannan, ya saurari wancan, sannan ya karkata faifan wajen haske yana karanta ƴan lambobin da aka zana a santsin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Daga bisani ya rubuta cewa na farko ya fi na biyu tsawo, kuma a na biyun an cire baiti guda. Waɗannan su ne masu tara faifai. Tun shekarar 2000 suna da rumbu a intanet mai suna Discogs, inda suke jera bugu-bugun kowace waƙa da abin da ya bambanta su.

Abin da dariya a ido, amma a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta shafi duk mai koyarwa da duk mai adana kayan al'ada. Idan waƙa ɗaya ta fito da fuska uku ko huɗu, wace ce ta gaskiya? Wanda ya sa mata almakashi kuma, gyara ya yi ko cin amana?

Bari mu fara da yadda waƙa ɗaya ke zama da yawa. A ɗakin ɗaukar sauti na zamani ba a haɗe ake naɗar komai ba: murya da layinta, ganga da nata, kowane abin kiɗa da nasa. Bayan an gama ne ake gauraya su, a ɗaga wannan, a sassauta wancan. Saboda haka ana iya komawa a sake haɗin, a tsawaita kiɗan domin masu rawa, ko a gajarta shi domin gidan rediyo, wanda ba ya son waƙar da za ta cinye masa lokaci. Ana kuma iya toshe kalma ko a ɗauke baiti ɗungurungum don gudun fushin hukuma ko na jama'a. Sau da yawa duk waɗannan suna fita kasuwa da suna ɗaya, ba tare da an gaya wa mai saye komai ba.

Ga misali sananne. A shekarar 1985 ƙungiyar mawaƙan Ingila Dire Straits ta fitar da waƙar «Money for Nothing» a cikin kundinta «Brothers in Arms», kuma waƙar ta yi mako 3 tana kan gaba a jerin waƙoƙin Amurka. Jagoran ƙungiyar, Mark Knopfler, ya bayyana cewa a wani kantin kayan lantarki na birnin New York ya tsinci maganar: wani ma'aikaci ne ke kallon mawaƙa a telebijin yana gunaguni, wai su suna samun kuɗi a ɓagas alhali shi yana ɗaukar kaya masu nauyi. Knopfler ya sa waƙar a bakin wannan mutum. A baiti na biyu mutumin yana jifan wani mawaƙi da kalmar zagi mai muni, wadda a Turanci ake wulaƙanta ƴan luwaɗi da ita. Waƙar da ke cikin kundin ta haura minti 8. Ta ƙaramin faifai ba ta kai minti 5 ba. Akwai kuma wata mai kimanin minti 4 wadda ba ta da baiti na biyu sam, ita ce aka sa a kundin zaɓaɓɓun waƙoƙin ƙungiyar na 1998. Shi kansa Knopfler, a wasannin da yake yi gaban jama'a, yakan musanya kalmar da wata.

Shekara 25 da ƴan watanni bayan fitowarta, a watan Janairu na 2011, majalisar da ke kula da ladubban gidajen rediyo da telebijin masu zaman kansu a Kanada ta yanke cewa sa cikakkiyar waƙar a iska ya saɓa wa ƙa'ida, bisa koken da wani mai saurare ya kai daga lardin Newfoundland. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. A watan Agusta na wannan shekara majalisar ta sake zama, ta tsaya a kan cewa kalmar mummuna ce, amma ta yi la'akari da bakin da aka sa ta, ta bar wa kowane gidan rediyo zaɓin wadda zai sa.

Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a yar da ita. Mai goyon bayan cirewa zai ce rediyo baƙo ne da ke shiga gida ba sallama. Yaro a tsakar gida ba ya tantance wane ne ke magana a cikin waƙa, kalmar kawai yake ɗauka ya tafi da ita makaranta, kuma wanda aka saba zagi da ita ba ya jin sauƙi don an ce masa wasa ne. Mai goyon bayan bari kuwa zai ce: waƙar hoton hassada ce, kuma zagin shi ne tabon da ke nuna halin mai maganar. In an goge tabon, an wanke mahassadin, an mayar da shi mutumin kirki mai ɗan ƙorafi. Duk malamin da ya taɓa koyar da wasan kwaikwayo ya san cewa in aka hana azzalumin cikin wasa faɗin maganar zalunci, an ɓata darasin.

A nan mai karatu na iya cewa: wannan damuwar Turawa ce, mu a wajenmu waƙa ba ta taɓa zama da fuska ɗaya ba. Gaskiya ne. Duk wanda ya tara kaset-kaset ɗin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya san Bakandamiya ba iri ɗaya ba ce: yakan ƙara, yakan rage, gwargwadon wuri da zamani. Makaɗin fada yakan sa sunan wanda ya yi masa alheri yau, ya bar na wanda suka ɓata jiya. Ba wanda ya kira wannan ha'inci. Dalili kuwa shi ne sauyin a bainar jama'a ake yin sa, daga bakin mai waƙar, kuma kowa ya san ta gobe ba lalle ta zama ta yau ba. Faifai da kaset wani alkawari suke ɗauke da shi daban. Suna ce wa mai saurare: ga abin da aka rera, kamar yadda aka rera shi. In aka yanke wani abu aka yi shiru, wannan alkawari ne aka karya.

To, ko hakan na nufin ta farko ita ce ta gaskiya kullum, duk abin da ya biyo baya kuwa gurɓata ne? Wata waƙar Faransa da malamai da yawa suka sani tana hana mu saurin yanke hukunci. A farkon 1954, ana tsakiyar yaƙin Indoshina, Boris Vian ya rubuta «Le Déserteur», wasiƙar wani mutum da aka kira aikin soja ya ƙi zuwa. Yaƙin nan ba baƙo ba ne a gare mu, domin Faransa ta kai sojojin Afirka ta Yamma can, cikinsu har da Oumarou Ganda, wanda daga baya ya yi fim ɗin «Cabascabo» a kan tsohon sojan da ya dawo gida. Wanda ya fara rera waƙar shi ne Mouloudji, ɗan wani Bakabile na Aljeriya, kuma ya sauya mata wasu wurare: maimakon a aika wasiƙar ga shugaban ƙasa, sai ya aika ta ga manya baki ɗaya. Abin da aka fi ruwaitowa kuma shi ne, a rubutun farko mai gudun sojan yana gargaɗin jandarmomi cewa yana da makami kuma zai yi amfani da shi, sai Mouloudji ya nuna wa Vian cewa wanda ya ƙi kisa bai kamata ya rufe maganarsa da barazanar kisa ba. Aka juya ƙarshen: mutumin ba ya ɗauke da komai, in sun ga dama su harbe shi. Da Vian ya naɗi waƙar da muryarsa a 1955, ya mayar da shugaban ƙasa wurinsa, amma ya riƙe sabon ƙarshen. Duk da haka an hana sa ta a rediyo, takunkumin bai tashi ba sai a 1962, shekarar da yaƙin Aljeriya ya ƙare. Vian bai ga ranar ba, ya rasu tun 1959.

Dubi abin da wannan ya koya mana. Sauyi biyu aka yi wa waƙa ɗaya. Ɗaya ya rage mata kaifi, mai ita ya ƙi shi. Ɗaya ya ƙara mata nauyi, mai ita ya karɓe shi ya mai da shi nasa. Ashe ba a auna gaskiyar waƙa da cewa ita ta riga fitowa. Abin tambaya shi ne: wa ya sauya, don me, kuma an faɗa ko an ɓoye? Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai ita yana da ikon ya yi nadama, ya gyara. Gidan rediyo ma yana da ikon ya kare kunnen masu saurarensa. Abin da ba wanda yake da ikonsa shi ne ya sa na baya su ɗauka cewa ba a taɓa faɗin abin da aka faɗa ba.

A nan ne aikin mai tara faifai ya tashi daga sha'awa ya zama shaida. Shi ba alƙali ba ne, ba ya cewa wannan ta fi waccan kyau. Cewa yake yi: ga su duka, ga shekarar kowace, ga wurin da almakashi ya bi. Haka malamanmu masu kwafar littattafai da hannu suke yi tun da can: in sun ga wani kwafi ya zo da lafazi daban, sai su rubuta shi a gefen shafi, ba su zaɓar wa mai karatu a ɓoye. Tabon yanka shi ma tarihi ne. Yana gaya mana abin da wani zamani ya ji tsoro, ko ya ji kunya, ko ya daina yarda da shi.

Wannan shaida ta fi zama dole a yau. Da, magana zarar bunu ce: faifan da ya fita ya fita, ko an sake buga wani, tsohon yana nan a akwatin wani. Yanzu da akasarin saurare ya koma ta intanet, ana iya zare tsohuwar waƙa a sa sabuwa a gurbinta cikin dare ɗaya. A watan Yuni na 2022 mawaƙiyar Amurka Lizzo ta sauya kalma guda a waƙarta «Grrrls» bayan naƙasassu sun koka cewa izgili ce gare su, kuma a watan Agusta Beyoncé ta yi haka da wannan kalma a waƙar «Heated». Duka biyun an sanar da jama'a, wannan abin yabo ne. Amma hanyar da aka bi aka yi gyaran alheri a bayyane, ita ce mai iko zai iya bi ya yi shafe-shafe a asirce.

Kada kuma mu wanke mai tarawa tas. Akwai wanda ba shaida ta dame shi ba, tinƙaho ne da mallakar abin da wani ba shi da shi, ya kulle a ɗaki yana jiran farashi ya hau. Akwai kuma wanda daɗinsa shi ne tono abin da mawaƙi ya tuba daga gare shi, ya yi ta yaɗawa don a ci mutuncinsa. Adanawa daban, tallatawa daban. Baitin zambo da ya taɓa zubar da mutuncin wani gida yana da wuri a taskar masu bincike, tare da bayanin yadda aka yi shi. Wannan bai wajabta a sa shi a lasifika ranar kasuwa ba.

Mu ma muna da namu faifan da za mu karkata wajen haske. Kaset ɗin minti 60 rabin awa yake ɗauka a kowane gefe, kuma mai naɗa a kasuwa yakan datse waƙa inda zaren ya ƙare. Waɗannan guntaye ne aka kwashe zuwa wayoyin salula, yara suna jin su a matsayin cikakku. Cibiyoyi irin su CELHTO a Yamai suna adana abin da ya kai gare su, amma mafi yawan abin yana gidajen mutane a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ƙungiyar da ta samu tsohon kaset, kafin ta kwafe shi, ta rubuta daga hannun wa ya fito, a ina aka naɗa, tsawonsa nawa, ina ya yanke. In ta samu iri biyu na waƙa ɗaya, kada ta zaɓi mai daɗin ta yar da ɗayar. Malamin da ya ga dole ya tsallake baiti a gaban ɗalibai, ya tsallake, amma ya ce musu: a nan akwai abin da na bari, in kun girma ku nema. Yaron da aka gaya wa haka an kare masa kunne, ba a kuma yi masa ƙarya ba.