Haƙurin Inna da Shirunta

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu.

Bayan haka, akwai wata kalmar yabo da ake yawan ji a zaman makoki idan uwa ta rasu bayan doguwar jinya. Sai a ce: baiwar Allah ce mai haƙuri, ciwo yana cin ta amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Mai faɗar haka alheri yake nufi, masu saurare kuma sukan gyaɗa kai. Sai dai a cikin masu sauraren akwai ƴan mata da matan aure, kuma abin da aka yabi mamaciya da shi, shi masu rai za su ɗauka su tafi da shi gida. Don haka ya kamata ƴan'uwa su tsaya a kan wannan tambaya: shin ɓoye ciwo yana cikin haƙurin da Allah Ya yi alkawarin lada a kansa? Kuma wadda ta shafe shekaru tana kai da kawowa tsakanin gida da asibiti, an rage mata wani abu a yarda da ƙaddara?

Rayuwar wata uwa daga ƙasar Maraɗi ta ƙunshi ɓangarorin tambayar duka biyu. Ƴaƴanta da ƴaƴan maƙwabta Inna suke ce mata, kuma wannan sunan ya isa. Da man gujiya da ƙuli-ƙuli ta taya mai gidanta rainon yara bakwai. Ta karɓi wuridi tun tana amarya, kuma ba a san ta da wasa da lazimin safe ko na marece ba. Kafin asuba ake jin motsin butarta. Ranar Juma'a bayan la'asar takan rufe sana'a da wuri don kada zikiri ya wuce ta. Almajiri bai taɓa tsayawa ƙofarta ya koma da kwano fayau ba, ko da ƙanzo ne.

Ta haura shekara hamsin lokacin da ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu tana wanka. Bai fi ƙwayar gujiya ba, kuma ba ya ciwo. Ta yi shiru kusan shekara guda. Dalilanta sanannu ne ga duk wanda ya tashi a gidan Hausa. Matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, yaya za ta dube shi ta ambaci wannan wuri na jikinta? Ta kuma san abin da ke cikin rumbu, ba ta son a sayar da tumaki saboda ita. Ta ji ana cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. A ƙarƙashin duk waɗannan akwai dalili na huɗu, wanda ya fi su nauyi a zuciyarta: tana tsoron kada faɗar ciwon ya zama kai ƙarar Ubangiji wurin bayinSa, ladanta ya zube.

Ɗiyarta babba ce ta ga tabo a rigarta wajen wanki, ta matsa mata da kuka har ta nuna. A lokacin ƙullutun ya girma, fatar wurin ta canza, kaluluwa ta fito a hammata. Aka kai ta likita, aka yi hoto, aka gutsuri tsokar aka auna, aka ce sankarar mama ce. Daga nan aka fara hanyar Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 a mota. Aka yi mata aiki aka cire maman. Aka shiga ƙarin ruwan magani mai ƙarfi da ake kira shimiyo, wanda ya zubar mata da gashi, ya hana ta jin ɗanɗanon abinci. Ta samu sauƙi, ta koma kan sana'arta, ta ga auren ɗiyarta ta ƙarshe, ta goya jikoki biyu. Bayan wasu shekaru ciwon ya dawo ta ƙashi. Shekara shida ke tsakanin ranar da aka gane ciwon da ranar da aka kai ta makwancinta.

A cikin waɗannan shekaru ba ta ajiye tasbaha ba. Idan ba ta iya taɓa ruwa, sai ta yi taimama, ta karanta Salatul Fatihi ashirin a madadin Jauharatul Kamali, kamar yadda ƙa'idar wazifa ta tanada. Ta san an ba marar lafiya zaɓi game da lazimi, amma ranakun da ta ɗauki wannan sauƙin ba su da yawa. Salla ta koma zaune, daga baya ta koma kwance da ishara. Wani abu guda kuma ya sauya a halinta. Matar da ta yi shekara tana ɓoyewa ta zama mai kiran matan unguwa ɗaki, tana nuna musu yadda za su shafa jikinsu bayan wanka, tana cewa duk wadda ta ji abin da ba ta saba ji ba, kada ta kwana biyu ba ta faɗa ba.

Ranar addu'ar uku, wata dattijuwa daga dangin mai gidan ta yi irin yabon nan da aka saba, ta ce marigayiya ta yi shekara da ciwo a ƙirji ko ƴaƴanta ba su sani ba. Ɗiyar ta sunkuyar da kai ta ce: "Gwaggo, ki gafarce ni. Inna da bakinta ta ce kada a yabe ta da wannan shekarar. Ta ce a yabi Allah da Ya ba ta shida ɗin da suka biyo baya." Dattijuwar ta yi jim, sannan ta ce: "Allah Ya yi miki albarka, ɗiyata. Allah Ya jiƙan ta."

Shin Inna ta yi daidai da ta raba shirunta da haƙurinta? Malaman tasawwufi sun bambanta kuka iri biyu. Akwai kukan da yake fitowa daga zuciyar da ke fushi da hukuncin Allah, tana ganin an zalunce ta. Wannan shi yake cin haƙuri. Akwai kuma bayyana hali don neman mafita, ko ga Allah cikin addu'a, ko ga wanda Allah Ya sanya sanin magani a hannunsa. Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa a Suratul Anbiya'i, kuma duk da haka a Suratu Sad Allah Ya shaide shi da haƙuri. Da lokacin waraka ya zo, an umurce shi ya buga ƙafarsa a ƙasa, ya yi wanka da ruwan da ya ɓuɓɓugo, ya sha. Wanda Yake iya warkar da shi ba tare da komai ba Ya sanya masa sababi, don bayi su koya.

Sahabbai ma ba su ɓoye ba. Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, basir ne ya dame shi, ciwon da mutane ke jin nauyin ambatonsa. Ya faɗa, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla. Daga amsar da aka ba shi al'umma ta samu hukuncin sallar marar lafiya: a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Sallar da Inna ta yi a kwance a watanninta na ƙarshe, albarkar tambayar mutumin da kunya ba ta rufe masa baki ba ce. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini.

Mai ja zai iya kawo hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan mai farfaɗiya wadda Ibnu Abbas ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abi Rabah a matsayin ƴar Aljanna. An ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Wasu malamai sun fahimci halaccin barin magani daga nan. Amma a dubi yadda abin ya gudana. Matar ta tako da ƙafarta ta zo, ta ambaci ciwonta, ta ambaci har abin da ya fi ba ta kunya, wato buɗewar jikinta idan ta faɗi. Ta yi zaɓi bayan ta yi magana, tana sane da abin da take zaɓa, da alkawari daga bakin da ba ya ƙarya. Bayan haka ma ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa, aka yi mata. Wadda ta ji ƙullutu ta rufe da zane ba ta kai ga zaɓi ba tukuna, domin ba ta ma san abin da ke jikinta ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya warware wannan a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u. Ya kasa sabubban kawar da cuta kashi uku: wanda amfaninsa tabbas ne, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar shan magani da ƙaho, da wanda zato ne mai rauni. Ya bayyana cewa barin na farko ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron halaka, kuma riƙo da na biyu ba ya warware tawakkali. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Damagaram da Tawa da Maraɗi, tana da babi a kan jinya da shan magani, kuma ta halatta su. Malaman fiƙihu sun yarda likita ya duba wurin ciwo gwargwadon larura, namiji ne ko mace, ko da yake samun mace ya fi kwantar da hankali.

To, ina matsayin sankarar mama a wannan ma'auni? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da ita, kuma kusan 670,000 suka rasu. Hukumar ta nuna cewa a ƙasashe masu wadata fiye da 90 cikin 100 na masu ciwon suna raye bayan shekara biyar, alhali a Afirka ta Kudu kusan 40 ne cikin 100. Babban abin da ya raba su shi ne saurin ganewa da samun magani. Ciwon yana farawa a wuri guda, sau da yawa ba tare da zafi ba, sannan ya bi ta kaluluwar hammata ya kai ga ƙashi ko huhu ko hanta. Yana wuri guda ana iya cire shi. Idan ya bazu, magani yakan tsawaita kwana ya rage raɗaɗi, amma da wuya ya tumɓuke shi. Daga nan maganar daji ba ya son ƙarfe ta samo ƙarfinta: mutane suna ganin an yi wa mace aiki ta rasu, ba su ga watannin da aka ɓata kafin a kai ta ba. Mafi yawan ƙullutun mama ma ba sankara ba ne, kuma awo ne kaɗai yake bambancewa. Ciwon ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko wanke kayan marar lafiya. A Yamai, tun 2021 aka buɗe sashen gashi da na'ura na farko a ƙasar, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa. Hanya tana da nisa, kuɗi suna da wuya, ba mai musun haka. Amma zuwa da wuri ya fi zuwa a makare sauƙi a jiki da aljihu.

Wannan ba ya nufin magani yana tura ajali. Da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko yana gudun ƙaddara ne, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Yarda aikin zuciya ce, neman magani aikin gaɓɓai ne, kuma bawa ana nemansa da duka biyun. Inna ta hau mota zuwa Yamai da takardun likita a jaka da tasbaha a hannu, kuma da aka ce mata ciwon ya dawo, hamdala ce ta fara fita daga bakinta. A nan ne haƙurinta ya bayyana, domin ta san sunan ciwon, ta san inda ya dosa, ta yi abin da ke hannunta, ta bar sauran ga Mai shi ba tare da ɗaci a zuciya ba.

Ba a zargin uwar da ta yi shiru. Abin da aka koya mata ta riƙe, kuma Allah Yana duban niyya. Nauyin yana kan waɗanda suka sa magana ta yi mata wuya. Mai gidan da matarsa take tsoron faɗa masa ciwo don kada ya ƙyamace ta ko ya ga asara, ya binciki kansa. Ɗan da yake aika wa mahaifiyarsa kuɗi daga Yamai ko Kano amma bai taɓa sa ƙanwarsa ta tambaye ta lafiyar jikinta a keɓe ba, biyayyarsa da saura. Muƙaddamai da malamai mata da suke tara ƴan'uwa domin wazifa da karatu suna da kunnuwan da likita ba ya samu; kalma guda daga bakinsu cewa faɗar ciwo ba ya zubar da lada tana iya kai mace asibiti wata goma kafin lokacin da za ta je da kanta. Ƴaƴa mata da ƴan'uwan wadda ta yi ciwon kuwa, su suka fi kowa buƙatar kula da jikinsu, domin haɗarin ya ɗan fi yawa a gare su.

Idan za a tuna uwa irin wannan, a tuna tashinta na dare, da kwanon almajiri, da hamdalarta a ranar mummunan labari, da matan da suka je awo saboda maganarta. Wannan na ƙarshe yana cikin ilimi mai amfani da ladansa yake bin mutum har kabari.

Allah Ya jiƙan iyaye mata da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sanya jinyarsu ta zama kaffara da ɗaukaka. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba masu jinya juriya da abin hannu, albarkar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.