Har Yaushe Baƙo Zai Zauna Yana Baƙo?

Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne, wato ba ya daɗewa. Amma akwai baƙon da ba shi da wurin komawa. Yaya ya kamata doka ta yi da shi?

A shekara ta 1948 Falasɗinawa wajen dubu 700 suka bar gidajensu saboda yaƙi. Jodan ta mai da yawancin waɗanda suka je wurinta 'yan ƙasa. Labanan kuwa ba ta yi haka ba. A can uba ya haifi ɗa, ɗa ya haifi jika, dukansu da sunan 'yan gudun hijira. An hana su aikin likita da na lauya, dokar 2001 kuma ta hana su mallakar gida.

Mutanen zango a Gana sun ɗanɗana irin wannan. Fataken goro sun zauna a Salaga da Yendi tun kafin Turawa su shata iyaka. Duk da haka, ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Cikin waɗanda aka kora akwai haifaffun Gana da ba su taɓa ganin Kano ba. A 1983 Najeriya ita ma ta kori 'yan Gana wajen miliyan ɗaya.

Tun 2022 mutanen Burkina Faso sun yi ta ƙetarowa zuwa yankin Bawku don gudun 'yan bindiga. Haihuwa a Gana kaɗai ba ta mai da jaririnsu ɗan ƙasa, sai in iyaye ko kakanni 'yan ƙasa ne.

Wani zai ce ƙasa tana da ikon tsare iyakarta. Gaskiya ne. Falasɗinawa da yawa ma ba sa so takardar wata ƙasa ta shafe musu haƙƙin komawa gida. Amma barin mutum ya yi sana'a, ya sa ɗansa a makaranta, ya mallaki ɗakin kwana, ba ya hana shi komawa ran da hanya ta buɗe. Hana shi waɗannan horo ne a kan laifin da bai yi ba.

Rut mutuniyar Mowab baƙuwa ce a Baitalami. Dokar Musa ta ba ta izinin kala a gona, daga baya jikanta Yesse ya haifi Dawuda. Ikilisiyar da ke bakin iyaka kamar Paga tana da nata aikin: ta raka uwar da ta yi gudun hijira zuwa ofishin rajistar haihuwa, domin kada yaron ya girma ba shi da suna a littafin kowace ƙasa.