KULLE DA AMANA: MATSAYIN SIRRIN ƊAN'UWA A CIKIN KWAMFUTAR TARAYYA

 

Ya ku 'yan'uwa, duk wanda ya san Tamaske da sauran garuruwan Adar, daga Keita zuwa Buza da Madawa a cikin jihar Tawa, ya san wayar salula ta shiga hannun jama'a da yawa, amma na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, har yanzu galibi kayan tarayya ce. Akwai ta shagon buga takardu, akwai ta makaranta, akwai ta ofishin ƙungiya, akwai kuma wadda ɗan cin rani ya zo da ita daga Najeriya ko Kwaddebuwa ko Libiya, gida duka ana amfani da ita. Abin da ake zubawa a cikinta kuwa ba ƙarami ba ne: hoton katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar gona, sakamakon gwajin likita, lissafin bashi, da kundin binciken ɗalibin Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010. To, a nan tambayoyi biyu suke tasowa. Shin wanda ya kulle fayilolinsa ya munana zato ga 'yan'uwansa ne? Kuma shin wanda ya tarar da fayil a buɗe yana da damar karantawa?

Mas'alar tsohuwa ce, tufafinta ne kawai sababbi. Shekaru kafin zuwan waya, mutumin Adar da ya tafi cin rani wasiƙa yake aikowa ta hannun direba ko ɗan gari mai komowa. Tsohuwar da ba ta karatu sai ta kira malami idan da ajami aka rubuta, ko ɗan lakwal idan da boko ne, ya karanta mata. Mai karatun nan yakan ji adadin kuɗin da aka aiko, ya ji maganar aure, ya ji rashin lafiya da karayar jari, kuma duk gari ya san mutuncinsa yana rataye ga riƙe bakinsa. Abin da Hausawa suke nufi ke nan da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Bambancin yau shi ne, mai karanta wasiƙa kiransa ake yi, ita kuwa na'ura tana iya miƙa wa mutum sirrin da babu wanda ya gayyace shi gare shi.

Mu fara da mai kullewa. Wasu suna jin nauyin sanya kalmar sirri a kan na'urar gida, suna ganin kamar sun ce wa ƙannensu ɓarayi. Wannan kunya ce da aka ajiye ba a muhallinta ba. Allah Maɗaukakin Sarki, a Suratun Nur aya ta 27, Ya hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. A aya ta 58 kuma Ya ambaci lokuta uku, kafin sallar asuba, da lokacin hutun rana, da bayan sallar isha'i, waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga. Ashe ke nan ko tsakanin uba da ɗa akwai labule, kuma labulen bai rage soyayya ba. Haka ma magininmu na gargajiya da ya sa zaure a bakin gida bai yi nufin zargin baƙo ba. Ya dai raba wurin da kowa ke zama da wurin da sai an yi iso. Kalmar sirri zaure ce. Tana ma taimakon ɗan'uwanka, domin ta kawar masa da jarrabawar da wataƙila ba zai iya tsallakewa ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Saboda haka ya kamata mai sirri ya san yadda ƙofar take aiki. A tsarin Windows, wanda ya fi yawa a ofisoshinmu, ana iya buɗe wa kowane mutum asusun shiga nasa da kalmar sirrinsa, ta yadda mai asusu na gama-gari ba zai iya buɗe jakar fayilolin wani ba. Idan kuwa kowa da kofa ɗaya yake shiga, duk abin da aka ajiye tamkar shanya ce a dandali. Wanda zai tashi alwala ya danna maɓallin Windows tare da harafin L, allon zai kulle. Wanda ya buɗe Facebook ko WhatsApp ko akwatin saƙonsa a shago ya tabbata ya fita kafin ya miƙe, kuma kada ya yarda idan na'ura ta nemi ta riƙe masa kalmar sirri. A sani kuma goge fayil ba ya nufin ya hallaka: kwandon shara yake fara tafiya, kuma ko an zazzage kwandon, sau da yawa masani yana iya dawo da shi muddin ba a rubuta wani abu a gurbinsa ba. Abin da ya kai matuƙar sirri ya fi kyau ya zauna a filashin mai shi, ko a kulle shi da manhaja irin su VeraCrypt ko BitLocker, masu rikita rubutu ta yadda ba ya karantuwa sai ga mai mabuɗi. Wannan duka yana cikin riƙon sababi, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, a ruwayar Tirmizi.

Sai mu koma ga wanda ya tarar da ƙofa a buɗe, kuma a nan ne nauyin ya fi yawa. Sau nawa mutum yake cewa: ai ban fasa komai ba, a kan allo na gani? Suratul Hujurat aya ta 12 ta haɗa abubuwa uku a jere: yawan zato, da binciken asirin mutane, da giba. Jerin yana da hikima, domin zato ne yake tura hannu ga fayil, abin da ido ya gani kuma shi harshe yake kai wa majalisa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu (RA) labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Annabi (SAW) ta wata kafa, Annabi ya tsananta masa, ya kuma bayyana cewa saboda ido ne aka shar'anta neman izini. Mutumin nan bai karya ƙyaure ba, kafa ya samu. Samuwar kafa ba ta zama izini ba a Madina, ba za ta zama izini ba a Tamaske.

Ɗalibanmu da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid sun san babin da ya tattara hukuncin ajiya da aro da tsintuwa. Mai tsintuwa ba ya mallakar abin da ya tsinta da zarar ya ɗauka. Cigiya ce a kansa har shekara. Wanda aka ba ajiya kuwa, idan ya ƙetare iyaka, sai ya biya. Fayil ɗin da aka manta a buɗe ya yi kama da tsintuwa, kuma mayar da shi ga mai shi abu ne mai sauƙi: ka rufe, ka kawar da kai, ka gaya masa a keɓe ya gyara ƙofarsa. Sai dai akwai bambanci mai ban tsoro. Wanda ya ci kuɗin ajiya yana iya biya, amma wanda ya yaɗa sakamakon gwajin wata baiwar Allah har aurenta ya mutu, da me zai biya? Magana zarar bunu ce.

Akwai kuma mutanen da kulle ba ya tsare su. Wanda yake riƙe da babban asusun na'ura yana da ikon shiga jakar kowa. Mai gyara yana iya cire ma'ajiyar na'urar ya karanta ta a wata, in dai ba a rikita rubutun ba. Mai shagon buga takardu kuwa dole ne ya ga abin da yake bugawa, kuma kwafin katin da ya ɗauka yana nan a na'urarsa bayan mai shi ya tafi. Waɗannan su ne magadan mai karanta wasiƙa, kuma abin koyinsu shi ne Huzaifa ɗan Yaman (RA), wanda Annabi (SAW) ya ba sirrin sunayen munafukai, ya riƙe shi bai fallasa ba. Hukuma ma ta gane girman lamarin: Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, ta sabunta ta a 2022, ta kuma kafa hukumar HAPDP domin sa ido, Najeriya ta yi tata a 2023. Amma doka ba ta zaune a shago da tsakar dare lokacin da yaron shago yake shi kaɗai da na'ura. Tsoron Allah ne kaɗai yake wurin.

Wani zai ce: to, uba fa, ko miji? Lalle uba makiyayi ne, kuma yana da haƙƙin lura da abin da ƙaramin yaronsa yake kallo. Hanyar da ta dace ita ce ya yi a bayyane: ya buɗe wa yaron asusu, ya sanar da shi cewa ana dubawa, ya ajiye na'urar inda ake wucewa. Tarbiyya da sanɗa ba su cika haɗuwa ba. Game da miji kuwa, Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) hanin matafiyi ya faɗo wa iyalinsa da dare domin neman kama su da laifi. Ɗan cin ranin da ya dawo ya fara da tonon saƙonnin matarsa ya yi tunani a kan wannan, domin wanda ya je neman aibi ba ya rasa abin da zai fassara da aibi.

Sirri kuma yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Littafin kuɗin ƙungiya ko na kwamitin masallaci ba sirrin ma'aji ba ne, haƙƙin jama'a ne. Wanda ya kulle shi daga masu binciken kuɗi ya fake da amana domin ya ci amana. Haka nan ɗan kasuwar da ya rubuta basussukansa, kamar yadda Suratul Baƙara aya ta 282 ta yi umarni, sannan ya kulle su da mabuɗin da babu wanda ya sani sai shi, ya tuna cewa mutuwa ba ta sallama. Kullen zamani ba ya jin roƙon magada. In mabuɗi ya tafi kabari, haƙƙin marayu da na masu bin bashi ya bi shi. Sai ya rubuta kalmar a takarda, ya rufe, ya damƙa wa amintacce tare da wasiyyarsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowa da nasa nauyin. Mai sirri ya kulle ba tare da jin kunya ba, wanda aka kulle wa kada ya ji haushi, wanda ya tarar a buɗe ya runtse ido, wanda sana'a ta nuna masa ya riƙe bakinsa. Muna kira ga malamai su shigar da wannan babi cikin karatun ladubba, kusa da babin sallama da neman izini, domin yaranmu su tashi da sanin cewa allon na'ura ma ƙofar gidan wani ce. An yi alkawarin suturar Allah duniya da lahira ga wanda ya suturta Musulmi, kuma babu ɗayanmu da ya wadatu daga wannan sutura.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sanya mu cikin masu tsare amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.