MARI BA YA WARKAR DA MUTUM



A cikin Bishara ta hannun Markus, sura 5, aya 1 zuwa 20, an ba mu labarin wani mutumin ƙasar Garasinawa wanda hankalinsa ya gushe, har ya bar gida ya koma kwana a makabarta. Mutanen garinsu sun yi iyakar abin da suka sani, wato mari da sarƙa, amma ɗauri bai amfane shi da kome ba. Da Ubangiji Yesu ya iso, sai ya tsaya ya yi magana da shi, ya 'yantar da shi, har mutane suka tarar da shi zaune da tufafi, cikin hankalinsa. Mutumin ya roƙa ya bi Yesu cikin jirgi, Ubangiji kuwa ya mai da shi gida, domin ya shaida wa danginsa jinƙan da aka yi masa. Haka wanda aka ɗaure jiya ya zama mai shelar alherin Allah a Dikafolis, ƙasar garuruwa goma.

Wannan labari ya shafe mu ƙwarai, mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan. Allah ya albarkaci ƙasarmu da rake da tumatir da masara, amma aikinsu yana cin ƙarfi. Saurayi ɗan ƙwadago yakan haɗiyi tiramol da sassafe domin ya sari rake ko ya yi ban ruwa har yamma ba tare da ya ji gajiya ba. Yau ƙwaya ɗaya, gobe biyu, jibi kuwa jiki ba ya tashi sai da ita. Wani wiwi ne ya kama shi, wani sholisho, wani kuma burkutu da ogogoro sun cinye masa amfanin gonar shekara. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa shan kome ba, amma ciwon damuwa ko taɓin hankali ya kwantar da su: matar da ta haihu ta daina magana, da magidancin da tsoro ya raba da barci. Waɗannan duka 'ya'yanmu ne, da yawansu a majami'unmu aka yi musu baftisma.

Me muka saba yi da su? Da fari mukan ɓoye, saboda kunya. In abin ya faskara, sai duka, sai kulle ɗaki, sai gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Kada wani ya nuna maƙwabcinsa da yatsa, gama rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na wannan shekara ya tarar da irin wannan ɗauri a gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi, da wurin masu maganin gargajiya, har da asibitocin gwamnati. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai taɓin hankali yana da haƙƙi da mutunci. Tun kafin doka, Bishara ta riga ta koya mana haka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

To, in mari ya kasa, mene ne zai iya? Tarihi ya ba mu misali. A 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, wani mutum mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da barin giya, ya ji ƙishirwarta ta taso masa. Maimakon ya nufi mashaya, sai ya nemi wani mashayi ɗan'uwansa domin su yi magana. Aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith, wanda giya ta kusa hallaka aikinsa. Daga hirar mutum biyun nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato zumuntar mashaya masu sakaya suna, wadda ta bazu ko'ina a duniya. Wata 'yar Katolika, Sista Ignatia, ta buɗe musu ƙofar asibitin Waliyyi Toma na garin a 1939, a zamanin da asibitoci ke ƙyamar mashaya. In za ta sallami mutum, takan ba shi lambar Zuciya Mai Tsarki ta Yesu, da alkawarin cewa kafin ya sāke kurɓar giya zai dawo mata da ita tukuna. Ta haka mutum yakan zo ya yi magana kafin ya faɗi.

Asirin abin a fili yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fada zai yi wa'azi, uwa za ta yi kuka, amma wanda ya taɓa kwana yana makyarkyata don rashin ƙwaya, shi ne mashayi ba zai iya yi wa ƙarya ba, shi ne kuma ba zai ji kunyarsa ba. Mai taimakon ma yana samun ƙarfi, gama duk ranar da ya riƙe hannun wani, ya ƙara ɗaure nasa alkawari. A Luka sura 22 Ubangiji ya ɗora wa Bitrus aikin ƙarfafa 'yan'uwansa bayan ya tashi daga faɗuwarsa. Wanda ya faɗi ya tashi yana da aiki a cikin Ikilisiya.

Saboda haka muna roƙon kowace faris da majami'un ƙauyukanta su kafa zumunta irin wannan, bisa ga waɗannan ƙa'idodi.

Na ɗaya, a keɓe wuri da lokaci sau ɗaya a mako, ko da mutum uku ne za su fara. Waɗanda suka sami sauƙi su ne za su bi da taron. Katikis ya buɗe ƙofa, ya yi addu'a, ya ba su wuri.

Na biyu, abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Tsegumi ɗaya ya isa ya watsa taron har abada.

Na uku, ba a korar wanda ya koma wa sha. A aiki ɗan'uwa ya nemo shi a ranar, kafin kunya ta nisanta shi.

Na huɗu, zumunta ba ta ɗauke aikin likita ba. Ikilisiya ba ta koyar da cewa kowane taɓin hankali aljani ne. Tiramol mai yawa yana jawo farfaɗiya, wanda kuma ya daɗe yana shan giya kullum, in ya yanke farat ɗaya, yana iya shiga haɗari har na mutuwa. A kai irin waɗannan asibitin Ikara ko na Makarfi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Ɗan'uwa ya raka shi, ya riƙa tuna masa shan magani da ranar komawa. Kada kowa ya ce wa marar lafiya ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya.

Na biyar, Zumuntar Mata ta shirya nata zama domin mata masu wannan fama, da iyaye da matan aure waɗanda nauyin ya gajiyar. Ƙofa kuma ta zama a buɗe ga maƙwabtanmu Musulmi, gama ƙwaya ba ta tambayar addini.

Na shida, masu gonaki a cikinmu su bincika zuciyarsu. In aikin da muke ɗora wa yaro a yini ɗaya ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, muna da hannu a ciwonsa. Wanda ya dawo hayyacinsa kuwa, a ba shi aiki, a kira shi da sunansa na baftisma, a bar laƙabin da ciwo ya jawo masa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai da ka shekara ba ka sha ba, akwai wani a unguwarku da yake jiran jin muryarka. Ka sami Fada ko katikis bayan Misa ta wannan Lahadi, a sa ranar zama na farko.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka haye teku domin mutum ɗaya da aka fid da tsammani a kansa, ka kwance 'ya'yanmu daga kowane ɗauri, ka ba likitocinmu hikima, ka sa mu zama masu riƙe juna har ƙarshe. Uwarmu Maryamu, lafiyar marasa lafiya, ki yi addu'a dominmu. Amin.