Bayan An Cire Mama, Wa Ya Ragu?

'Yan'uwa, akwai maganar da muke yi ƙasa-ƙasa a zaurukan Godogodo, yau bari mu ɗaga murya. Mace ta ji ƙullutu a mamanta, ta je asibiti a Kafanchan, a tura ta Jos ko Shika. Likita ya ce sankara ce, sai an cire maman. Sai ta dawo gida ta yi gum, ta koma jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har ciwon ya fashe. In an tambaya a ce kuɗi ne. Kuɗi na ciki, ba musu. Amma da yawansu abin da ke cin ransu shi ne da wane ido maigida zai kalle su bayan aiki.

Wasu na ganin wannan damuwar rashin tawakkali ce. Ni ban yarda ba. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare, zinaren da aka haramta wa maza. Bai ce masa ya haƙura ya yi ta yawo haka nan ba. Ke nan son mutum ya ga jikinsa a cike abu ne da shari'a ta kula da shi. Don haka matar da ta sa maman roba, ko ta sa tela ya ɗinka mata ciko a cikin rigar mama, ba canja halittar Allah ta yi ba, gurbi ta cike. Gashin da ƙarin ruwan kemo ke zubarwa kuwa yakan sake tsirowa bayan an gama magani, kafin nan kallabi ya wadatar.

Sai dai roba ba ta isa ba. Babban madubin matar aure fuskar mijinta ce. Wanda ya daina shiga ɗakinta, ko ya fara kai kayan lefe wani gida tun ɗinkin bai warke ba, ya gama gaya mata matsayinta ko da bai buɗe baki ba. Ƙarin aure halal ne, na sani, mu ne masu ɗaura shi. Amma a irin wannan lokaci? Haba, Alhaji! Da wannan maman fa aka shayar maka da 'ya'ya. Balle kishiya da dangin miji masu habaicin "mai ɗaya" a gidan suna.

Ana rayuwa bayan aikin. Betty Anyanwu-Akeredolu ta yi jinyar wannan cuta a 1997, ta kafa ƙungiyar BRECAN, shekara 20 bayan haka ta zama uwargidan gwamnan Ondo.

Kuma ku sani sauran mata na kallo. Wadda za ta ji ƙullutu gobe, tun yau take lissafi da yadda aka yi wa maƙwabciyarta, kafin ta yanke shawarar ko za ta hau motar Kafanchan.