Mugun da Ba Shi da Makari

Kowane daren Asabar muna haɗuwa mu biyar a ƙofar gidan wani abokinmu a Yamai, shayi na kan gawayi, muna wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ga wanda bai san shi ba, labari ne da ake ƙagowa tare. Kowa na riƙe da jarumi guda, mutum ɗaya kuma shi ne alƙali: shi ke bayyana duniyar, shi ke magana da bakin miyagu. In aka zo inda ba a san ko abu zai yiwu ba, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuska 20. Ni ne alƙalin.

Da tafiya ta yi nisa, jaruman suka yi ƙarfi har suka daina shakkar bokan da na shafe watanni ina gina wa suna. Littafin dokoki na 2014 ya riga ya ba miyagu gata. Akwai tsafin da kalma ɗaya ke kashe duk wanda makin ransa bai wuce 100 ba, kuma wasu manyan dodanni na iya mayar da faɗuwarsu a jifan tsira ta zama nasara har sau uku a rana. Ban ga hakan ya isa ba. A bayan ɗan allon da ke ɓoye takarduna, na ƙara wa bokan ikon da babu shi a ko'ina: ya ɗaga hannu, rai ya fita, komai yawan maki. Ya kuwa ɗaga wa jarumin da abokina ya yi wata takwas yana reno.

Bai yi gardama ba. Ya ninke takardar jarumin, ya sa aljihu, ya ce, "Malam, ba boka ne ya kashe ni ba, kai ne." Asabar biyu bai zo ba.

Na daɗe ina kare kaina. Ai littafin ma ya ce hukuncin ƙarshe na alƙali ne. Kuma mugun da ba ya ban tsoro miya ce ba gishiri. Duk gaskiya ne. Sai dai samun izinin yin abu daban, yin adalci daban. Mugu na da damar ha'intar jarumi, aikinsa ke nan. Alƙali ba shi da damar ha'intar ɗan wasa, domin bisa amana ya zauna. Ni kuwa na sa rigar boka ne na huce haushin raina shi da aka yi, wanda a zuciyata raina ni aka yi.

Kakanninmu sun riga mu gane wannan. Dodon tatsuniya na iya haɗiye gari, amma yana da lago, mai wayo kuma zai gano shi. Lagon nan ba rage wa dodo ƙarfi yake ba, shi ke sa mai sauraro ya ƙi yin barci. Tsoro na tafiya ne da sa rai. In ka cire sa rai, abin da ya saura takaici ne.

Da abokina ya dawo, muka zauna muka yi ƙa'idoji, ni suka fara ɗaurewa. Duk babban tsafi sai ya nuna alama kafin ya sauka. Sai bokan ya biya wani abu daga ƙarfinsa. Sai yana da makarin da mai bincike zai iya ganowa. Ƙwayata kuma a fili zan jefa, kowa na kallo.

Bayan wata biyu bokan ya sake kashe wani jarumi. Mai shi ya ga alamar, yana da damar gudu, ya tsaya don ƴan uwansa su tsira. Da ƙwayar ta faɗi a kan ƙaramin adadi, dariya ya yi, ya miƙo mini kofin shayi. Mutuwa iri ɗaya ce da ta farko, amma wannan ya san dokar da ta ci shi, ya kuma san ni ma tana iya ci na. Tun daga ranar, in aka ba ni iko a kan wani, ko a wurin aiki ko a gida, nakan fara tambayar kaina ina makarina yake, kuma ko shi ya san wurin.