Na Wa Ne Abin da Ya Saura a Gona?

Idan watan Nuwamba ya kama, ruwa ya ɗauke, sanyin hunturu ya fara leƙowa da asuba, babu lokacin da ya fi daɗi ga ƙaramin manomi a Yindiski da kewayen Potiskum. Tun kafin rana ta fito gida ya tashi. Uwargida ta share turke, ta dama wa awaki dusa da kanwa. Yara sun buɗe akurki, sun watsa wa kaji da zabi tsaba. Maigida kuwa ya ɗaura wa shanun huɗa amalanke, ya nufi gona tare da babban ɗansa.

A can aiki ba ya yankewa, amma aiki ne na farin ciki. Gero ya riga ya shiga rumbu. Saura yankan dawa, da roron wake, da naɗin harawa. Da rana ta take, sai a zauna a inuwar gawo a sha kunu, shanu suna tuƙa, balbelu suna kewaya su. Da la'asar an ɗora dami na ƙarshe, sai yaro ya dubi zangarkun da suka zube tsakanin kunyoyi, ya ce, "Baba, in tsince sauran?" A bakin gona ga wata gwauruwa tsaye da ƙwarya. Can nesa kuma ga ɗan Fulani da shanunsa, idonsa a kan kara. Amsar da uban zai bayar ƙarama ce a baki, amma tana da nauyi.

Wanda ya ce a kwashe duka yana da hujja. A wannan yanki damina gajeruwa ce. Daga Oktoba har wajen Yuni dabbar gida ba ta da abinci sai abin da aka tanada mata. Ga shi kuma kasuwar shanu ta Potiskum, wadda take ci ranar Laraba, tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, masu kiwon turke kuwa suna sayen harawa da kara da ƙaiƙayi. Abin da kakanni suke bari a gona yau kuɗi ne, kuɗin makaranta da na magani da na taki. Mutumin da ya tattara abin da ya noma da guminsa ba ɓarawo ba ne, ba kuwa daidai ba ne a kira shi marowaci.

Duk da haka, gumi kaɗai bai taɓa cika rumbu ba. Manomi bai saukar da ruwa ba, bai kuma halicci ƙasar da ya gada ba. Ko ƙarfin gonarsa ma akwai hannun wasu a ciki. A dā makiyaya sukan sauka a gonaki bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, har wani manomi yakan ba da hatsi domin a kwana a gonarsa. Wanda ya karɓi wannan duka kyauta, da wuya ya ce ƙwaya ta ƙarshe tasa ce shi kaɗai.

Littafin Firistoci 19:9-10 ya umarci Isra'ilawa kada su girbe gona har gefenta, kada kuma su koma su tsince abin da ya zube, gama rabon matalauci da baƙo ne. Abin lura shi ne, ba a ce a kai hatsin gida tukuna a auna wa mabukaci ba. An ce a bar shi a inda ya faɗi. Nan ne kala ta bambanta da bara. Mai bara yana miƙa hannu ga mutum. Mai kala tana sunkuyawa ta yi aiki, ta koma gida da abin da hannunta ya tara, ba wanda zai yi mata gori. Ta haka Rut, baƙuwa daga Mowab, ta ciyar da surukarta Na'omi daga gonar Bo'aza a Baitalami, ita ce kuwa ta haifi Obida kakan Dawuda. A Jihar Yobe, inda rikicin Boko Haram ya bar gwauraye da marayu masu yawa, irin su Rut ba su da wuyar samu.

To, nawa za a bari? Shari'ar ba ta faɗi faɗin gefen ba, ta bar wa lamirin mai gona. Mai kadada ɗaya da 'ya'ya shida ba zai bar abin da mai kadada goma zai bari ba. Yana da iko ya kwashe harawar da awakinsa za su ci har damina. Yana da iko kuma ya ce wa makiyayi ya dakata sai an gama kwashe amfani, gama shiga kafin lokaci ɓarna ce, ita ce kuwa take jawo faɗa. Abin da bai kamata ba shi ne ya share gona tas, har wanda ya zo bayansa ya tarar da ƙasa kawai.

Uban ya dubi ɗansa ya ce, "Bar shi, ɗana, akwai masu shi." Ya gaisa da gwauruwar, ya faɗa wa makiyayin ranar da zai iya shigowa. Yaron bai ji wa'azi ba a ranar, amma ya ga yadda mahaifinsa yake lissafin dukiyarsa. Suka kora shanu zuwa gida, awaki suka tarye su da kuka saboda ƙanshin sabuwar harawa. Bayan tuwon dare iyali suka taru, suka yi godiya ga Ubangiji saboda abin da ya shiga rumbu, da abin da aka bari a gona.